Zero Mai Lamba DI-108

Cikin watan Nuwamba kwalin ya iso hannuna. Wani abokina ɗan kasuwa ne ya ƙunso mini shi cikin kayansa daga Guangzhou, don ya san halina tun muna yara a Damagaram, lokacin da muke fafe kara mu haɗa mota, mu yanka gwangwanin madara mu yi wa jirgi farfela. Da zai miƙo mini sai da ya yi dariya, wai magidanci da iyali ya koma wasan yara. Ban musa masa ba, na karɓi abina.

A ciki akwai ƴan gutsattsarin roba masu launin toka, kowanne maƙale a jikin sanda, da rufin ɗakin matuƙi na roba mai haske wanda bai fi ɗan yatsa ba, da takardar tambura irin wadda ake jiƙawa a ruwa a manna, sai takardar bayani. Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka ne ya yi shi, tsohon samfuri ne da suka fara fitarwa tun shekarun 1970. Jirgin yaƙin Japan ne, Mitsubishi A6M2, wanda duniya ta fi sani da Zero, an rage girmansa sau 48. Faɗin fukafukan na gaske mita 12 ne, nawa kuwa santimita 25, taƙi ɗaya da ɗan ɗori.

Ina gabatar da shirin tarihi a gidan radiyo sau ɗaya a mako, kuma na sha ambaton wannan jirgi idan labari ya biyo ta Pearl Harbor, jimla ɗaya in wuce. Na ɗauka Asabar da Lahadi sun isa in haɗa shi. Sai da ya ci mini wata huɗu, kuma sau biyu na yi masa fenti. Na farkon da hannuna na wanke shi. Amma kafin mu kai can, bari mai karatu ya san wane irin jirgi ne.

A 1937, shekarar da yaƙin Japan da Sin ya ɓarke gadan-gadan, rundunar ruwan Japan ta nemi kamfanoni biyu, Mitsubishi da Nakajima, su ƙera mata sabon jirgi mai tashi daga kan jirgin ruwa. Sharuɗɗan sun yi tsauri. Ana son gudun kilomita 500 a awa, ana son ya yi shawagin awa 6 zuwa 8 idan an rataya masa ƙarin tankin mai, ya ɗauki manyan bindigogi, kuma duk da haka kada wanda ya gabace shi ya fi shi saurin juyi. Nakajima suka duba suka ce ba zai yiwu ba, suka janye. A Mitsubishi aikin ya faɗa kan wani injiniya ɗan shekara 34, Jiro Horikoshi.

Injin da ya dace da ƙaramin jirgi irin wannan bai kai ƙarfin doki 1,000 ba. Tun da ba halin ƙara ƙarfi, sai Horikoshi ya koma kan nauyi yana tsakura, giram bayan giram. Ya yi amfani da wani sabon haɗin alminiyam da kamfanin Sumitomo ya fitar, mai ƙwari kuma marar nauyi. Duk inda ƙarfe zai jure huji, aka huda shi. Samfurin farko ya tashi ran 1 ga Afrilu 1939, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ya je filin. Masana'antar Mitsubishi ta Nagoya ba ta da filin jirgi a kusa, hanyar kuma ba ta da kyau, gargadar mota za ta iya lanƙwasa shi. Sai aka warware shi aka ɗora kan amalanken shanu, suka ja shi kusan kilomita 48 zuwa Kagamigahara. Haka aka ci gaba da yi har cikin yaƙi, da shanu da dawaki. Rundunar ta karɓe shi a 1940, wadda ta yi daidai da shekara ta 2600 a lissafin sarautar Japan, kuma daga sifirin ƙarshen wannan shekara ya samo sunansa.

Duk mai haɗa irin wannan jirgi daga ɗakin matuƙi yake farawa, don da zarar an manne gangar jikin ba sauran shiga. Da dare nake aikin, bayan na dawo daga labaran ƙarfe takwas, yara sun kwanta. Hunturu ya kama, ga ƙura ko'ina, in na shafa fenti sai in kife ƙwarya a kai har ya bushe, in ba haka ba ya tashi da gashi kamar tsohon bargo. Kujerar matuƙin ba ta kai farcen babban yatsa ba. A hotunan na gaske na ga duk bayanta huji ne, sai na ɗauki allura na bi ina hudawa. Da na zo manna ta, na yi ta duba sandunan robar ina neman abin da zai zauna bayanta, na ɗauka wani yanki ya ɓata. Ba abin da ya ɓata. Zero na farko ba shi da farantin sulke a bayan matuƙi. Tankunan mansa ba su da rufin roban nan da ke toshe huji da kansa idan harsashi ya ratsa. Nauyinsa ba mai ba harsashi wajen kilo 1,680 ne, abokin karawarsa na Amurka, Wildcat, ya fi shi da kusan tan guda.

An sha cewa wannan shaida ce Japanawa ba su ɗauki ran matuƙansu bakin komai ba. Ni ban yarda da maganar haka a dunƙule ba. A 1937 yawancin jiragen yaƙi na duniya ba su da sulke, sai da yaƙin Turai ya koya wa Ingila da Jamus da Amurka darasi suka fara sakawa. Bambancin shi ne su injinansu sun yi ta ƙara ƙarfi, suna iya ɗaukar ƙarin nauyin, shi kuwa Zero an riga an matse shi har ba wurin ƙari. Laifin manyan rundunar shi ne sun ga yaransu na ƙonewa a sama, suka yi ta jan ƙafa har sai da ƙwararrun suka ƙare.

Kada kuma kyan surarsa ya sa a manta aikin da aka yi shi dominsa. Karonsa na farko ran 13 ga Satumba 1940 ne, a sararin Chongqing, inda gwamnatin Sin ta koma da zama. Zero 13 suka gamu da jiragen Sin ƙirar Tarayyar Sobiyet, Japanawa suka yi ikirarin sun kakkaɓo 27 ba su rasa ko ɗaya ba. Adadin ikirari ne, amma ba wanda ke musun cewa ranar an yi wa Sin mummunar ɓarna. Abin da ya kai Zero can shi ne rakiyar jiragen da ke zuba wa birnin bama-bamai, birni cike da mata da yara da ƴan gudun hijira. Nisan zangon da Horikoshi ya saya da huje-hujensa, amfaninsa ke nan na farko. Shi ne kuma ya ba shi damar tashi daga Taiwan ran 8 ga Disamba 1941 ya kai hari Filifin ya dawo, tafiyar da Amurkawa suka ɗauka sai da jirgin ruwa za ta yiwu.

Da na gama haɗa gangar jiki da fukafukai, na cike tsagogi na goge da sampepa, sai aka zo wurin da na fi ɗoki, wato tsufar da shi. Masu wannan sana'a ba sa barin jirgi fes kamar daga kanti, sukan yi masa dauɗa da ƙuje-ƙuje don ya yi kama da wanda ya ga yaƙi. Na ga hotuna da yawa a intanet na jiragen Japan da fentinsu ya ɓare, kore a warwatse, ƙarfe na walƙiya ta ƙasa. Na koyi dabarar gishiri. Na fesa masa ruwan azurfa daga gwangwani, da ya bushe na yayyafa ruwa na barbaɗa gishiri, na fesa kore mai duhu a kai, sannan na karkaɗe gishirin da tsohon burushin haƙori. Duk inda ƙwayar gishiri ta zauna, azurfa ta bayyana. Na daka jan bulo na shafa wajen kusoshi don ya ba da tsatsa. Na manna masa tamburan da suka zo cikin kwalin, na ɗaya daga cikin jiragen da suka kai harin Pearl Harbor. Gaskiya ya yi kyau, har na ɗauki hoto na tura wa abokin nan nawa.

Akwai wani dattijo mai fentin mota da nake sayen tina wurinsa. Na nannaɗe jirgin a tsumma na kai masa, ina jiran yabo. Ya sa tabarau, ya jujjuya shi a tafin hannu, ya daɗe bai ce komai ba.

"Ɗan radiyo, jirgin nan ƙarfe ne ko alminiyam?"

Na ce, "Alminiyam ne, Baba."

"To jar tsatsar nan daga ina ta zo? Ka taɓa ganin tukunyar alminiyam ta yi ja?"

Na yi shiru. Ya sa farce ya nuna fiffiken, ya ce fenti ba ya ɓarewa don ganin dama. Ko dai ba a yi masa shimfiɗa a ƙasa ba, ko an shafa shi kan maiƙo, ko kuma an yar da abin rana da ruwa na dukansa. "Naka wanne ne a ciki?" Ban da amsa. Na biya kuɗin tina na komo gida.

Abin ya yi mini ciwo ne don ta wurin sana'ata ya kama ni. A makarantar koyon aikin jarida, tambayoyin farko da aka horar da mu a kansu su ne yaushe, kuma a ina. Ga shi na kwashi hotuna barkatai ban duba ko ɗaya an ɗauke shi yaushe ba, na haɗa su na ɗora wa jirgi guda. Da labari ne na karanta a iska, da ya zama jita-jita. Sai na koma kan hotunan, wannan karon ina karanta rubutun da ke ƙasansu, ina jera su shekara-shekara. Da na gama jeri, sai ga tarihin yaƙin gaba ɗaya kwance a jikin fenti.

Zero na 1941 da farkon 1942 ba kore ba ne sam. Launin toka ne mai haske daga sama har ƙasa, in ban da murfin inji da yake baƙi, sai jan da'irar rana a fukafukai da gangar jiki. An yi masa jar shimfiɗa a ƙasa kafin fenti, saboda jirgin da zai zauna kan teku dole a kare shi daga gishiri. Cikin ramukan tayoyi da sauran wurare na ciki an shafa wani ruwa mai shuɗi-shuɗi da kore-kore da suke kira aotake. A hotunan jiragen da ke kan Akagi da sauran manyan jiragen ruwa biyar da suka nufi Hawai, fentin har sheƙi yake, don makanikai na goge su kullum. Ƙasa ce mai lokaci da kayan aiki da ƙwararrun ma'aikata. Ni kuwa na ɗauki jirgin wannan zamani na sa masa tsumman 1945.

Koren ya shigo ne da aka fara kai musu hari suna ƙasa. A Rabaul da tsibiran Solomon, cikin 1943, jiragen Amurka na zuwa su tarar da fararen jirage jere a fili, sai aka shiga shafa musu kore a sansani, da abin da aka samu, kan tsohon fenti. Irin wannan yakan goge ya yi dabbare-dabbare, amma abin da ke leƙowa ta ƙasa yawanci tokar nan ce, ba ƙarfe ba. Daga baya masana'antu suka fara fitar da su da kore a sama. Wannan kore shi ne shaidar cewa mai kai hari ya koma mai ɓuya. A daidai lokacin ne Hellcat na Amurka ya shigo fage da injin doki 2,000, ninki biyu na Zero. A watan Yuni 1944, a yaƙin Tekun Filifin, Japan ta rasa ɗaruruwan jirage da manyan jiragen ruwa uku cikin kwana biyu, akasarin matuƙan sababbin shiga ne da ba su gama koyo ba.

Hotunan da suka ruɗe ni, masu ƙarfe a waje, na gano kashi biyu ne. Da yawansu ba ma Zero ba ne, jiragen rundunar ƙasa ne irin su Hayabusa na kamfanin Nakajima, waɗanda akan kai fagen daga da ƙarfe tsirara a shafa musu kore ba shimfiɗa. Baba mai fenti ya faɗi daidai, bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Nan ma akwai abin da ya shafe mu. Dakarun Afirka ta Yamma da Ingila ta kai Burma, runduna ta 81 da ta 82, waɗanda Hausa ce harshen bariki ga da yawansu, jiragen da suka fi yawo a kansu na rundunar ƙasa ne irin wannan Hayabusa, ko da yake sojan ƙawance kusan kowane ƙaramin jirgin Japan Zero suke ce masa. Kashi na biyu kuwa hotuna ne da sojan Amurka da Ostareliya suka ɗauka bayan sun kama fili, na jiragen da aka yasar watanni cikin ruwa da rana. Gawa ce na kwaikwaya, na ce mai rai ne.

Ba wai babu Zero mai ɓararren fenti yana aiki ba. Akwai, kuma yawancinsu na ƙarshen yaƙi ne, lokacin da ingancin komai ya faɗi. An kwashe ƙwararrun ma'aikata zuwa soja, ɗaliban makaranta maza da mata suka maye gurbinsu. Jiragen ƙarƙashin ruwa na Amurka sun datse hanyar mai da ma'adinai. Ran 7 ga Disamba 1944 girgizar ƙasa ta lalata masana'antun yankin Nagoya, mako bai cika ba jiragen B-29 suka faɗa wa masana'antar injin Mitsubishi. A 1945 har saiwar itacen fain aka sa mutanen ƙauye su tono, wai a tatsi man jirgi. An ƙera Zero fiye da 10,000, kuma abin mamaki, Nakajima da suka ce ba zai yiwu ba sun fi Mitsubishi ƙera shi da yawa. Amma tun ran 25 ga Oktoba 1944, da Yukio Seki, ɗan shekara 23, ya jagoranci ƴan Zero ɗauke da bam mai kilo 250 suka afka wa jiragen ruwan Amurka a Leyte har St. Lo ya nutse, aikin jirgin ya canza. Wanda za a tura tafiyar da ba dawowa, wa zai tsaya yi masa shimfiɗar fenti?

Na koma wurin Baba, ya tsiyaya mini man birki a kwalba. Na jiƙa jirgin a ciki, fentin ya yi laushi ya saɓule, na wanke da sabulu. Aikin mako uku ya bi ruwa. Yanzu sai in zaɓi jirgi guda, mai lamba, mai rana, mai wuri, wanda zan iya kare duk abin da na sa a jikinsa. Na zaɓi wanda ya fi kowanne shaidu.

Ran 4 ga Yuni 1942, ranar da Japan ke asarar manyan jiragen ruwanta a Midway, wata rundunar tata tana can arewa mai nisa tana kai hari Dutch Harbor, cikin tsibiran Alaska. Daga jirgin ruwa Ryujo wasu Zero uku suka tashi tare, ɗaya mai lamba DI-108 a wutsiya, matuƙinsa Tadayoshi Koga, ɗan shekara 19. Jirgin bai fi wata huɗu da fitowa daga masana'anta ba. A ranar su ukun sun harbo wani jirgin sintiri na Amurka, suka bi waɗanda suka tsira cikin ruwa da harsashi. Na faɗi wannan ne don kada ƙuruciyarsa ta sa a ɗauke shi wanda bai taɓa kowa ba. Daga baya harsashi daga ƙasa ya tsinke bututun man injinsa. Akwai hoton da aka ɗauka daga ƙasa, ga jirgin yana tafe yana jan baƙin zare a bayansa.

Suka nufi tsibirin Akutan, wajen kilomita 40 gabas, inda aka shirya jirgin ƙarƙashin ruwa zai ɗauki duk wanda ya faɗo. Daga sama wurin kamar fili ne mai ciyawa. Koga ya sauke tayoyi. Ashe fadama ce, tayoyin suka kafe cikin laka, jirgin ya wuntsila ya kife, wuyan yaron ya karye nan take. Abokan tafiyarsa biyu suna da umurnin su ƙone duk Zero da ya faɗi a ƙasar abokan gaba. Suka yi ta kewaya shi, ba su ga motsi ba, amma jirgin bai farfashe ba, suna tsoron ko yana ciki da rai. Ba su harba ba, suka juya.

Fiye da wata guda yana kife a wurin, sai ran 10 ga Yuli wani jirgin sintirin Amurka da ya kauce hanya ya hango shi. Suka binne Koga kusa da wurin, suka jawo jirgin da ƙyar, aka kai shi San Diego aka gyara. Ran 20 ga Satumba 1942 wani matuƙi mai suna Eddie Sanders ya tashi da shi, da tauraron Amurka a inda jar rana take. Cikin ƴan makonni suka san sirrinsa: idan gudu ya yi yawa sandar tuƙi takan yi tauri, ya fi saurin mirginawa hagu bisa dama, kuma idan aka dunƙufar da hancinsa ƙasa farat ɗaya injin yakan shaƙe. Aka rarraba wa matuƙa wannan bayani. Za ka ji ana cewa daga wannan jirgi aka kwaikwayi Hellcat. Ni ma na taɓa faɗin haka a shirina, kuma kuskure ne, don samfurin Hellcat ya tashi ran 26 ga Yuni 1942, mako biyu kafin a ga na Koga. Jirgin kansa bai ga ƙarshen yaƙi ba. A Fabrairu 1945 wani jirgin Amurka ya kubce a filin sauka, farfelarsa ta daddatsa shi.

Fenti na biyu da burushi na yi shi, shafa huɗu masu ruwa-ruwa, kowace sai ta kwana ƙarƙashin ƙwarya. Launin ma akwai gardama a kansa. Gutsattsarin da suka rage a gidajen tarihi suna da wani rawaya-rawaya kamar alewar da ta soma ƙuna, wasu masana na cewa haka yake tun asali, wasu na cewa tsufa ne ya rina shi. Na ɗauki tsakiya, toka da ɗigon ruwan ƙasa. Rufin ɗakin matuƙi ya ci mini dare uku, don sandunansa suna da yawa, kowane ɗan gilashi sai na yanka salatif da reza na rufe shi. Lambar wutsiya ba ta cikin takardar tambura, da hannu na rubuta, kuma wanda ya matso zai ga 8 ɗin ta ɗan karkace.

Wajen tsufarwa, lissafi na riƙa yi kafin in taɓa. Tabo mai girman ƙwayar gero a jikin nawa, a jikin na gaske ya kai kusan santimita 10, faɗin tafin hannu. Gishirin da na barbaɗa da farko, ramuka ne da ba makaniken da zai bari a kan jirgi ɗan wata huɗu. Don haka fensir mai ruwan azurfa kawai na ɗauka, na ɗan taɓa gindin fiffiken hagu inda matuƙi ke takawa ya hau, da bakin ƙofofin da ake buɗewa a loda harsashi, da maɓallan murfin inji. Ban taɓa sassan da ke motsi a fiffike da wutsiya ba, don na gano da yadi aka rufe su, ba ƙarfe a wurin da zai fito. A karon farko har can na yi wa azurfa. Na tsarma fentin mai da tina na zuba cikin layukan da faranti ke haɗuwa, na goge saura da auduga. Baƙin hayaƙi kuwa, kwallin uwargida na ara, na shafa kaɗan a ƙasan murfin inji inda bututun hayaƙin wannan samfuri ke fitowa, da bakin bindigogin fukafukai, tun da ranar ya yi harbi.

Na sake kai wa Baba. Ya jujjuya, ya ce wannan kam sabo ne, ina yaƙin? Na ce ya kifa shi. A cikinsa, daga bayan inji har kusa da wutsiya, na ja baƙin mai da siririn burushi, mai kauri a gaba, yana sirancewa yana bajewa yadda iska za ta kwashe shi. Ya bi layin da ido, ya tambaye ni ko mai jirgin ya kai gida. Na ce bai kai ba. Ya miƙo mini shi da hannu biyu, ya ce in samo masa akwatin gilashi kafin ƙura ta ƙara masa abin da ban sa ba.